Aminina ya zo da jarumi mai fukafukai, ni kuwa duniyar ƙura da ƙishirwa na gina

Assalamu alaikum Malam. Na koyi wasan Dungeons & Dragons ne sa'ad da nake karatu a Ingila, da na dawo gida kuma na tara abokaina biyar muna zama kowace Asabar bayan la'asar. Ni ne jagoran wasan, wato ni nake tsara duniyar da abin da ke cikinta, su kuwa kowa yana riƙe da jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa dayis a ga ko ya dace. Wata huɗu na yi ina gina sabuwar duniya. Ƙasa ce ta fari da ƙishirwa, inda jarumai za su riƙa rakiyar ayari daga rijiya zuwa rijiya, sihiri ba shi da yawa, kuma tsallake kwazazzabo ɗaya yana iya cin yini guda. Ranar da muka zauna zaɓen jarumai sai aminina, wanda muka taso tare tun muna firamare, ya zo da mutum-tsuntsu mai fukafukai, irin wanda littafi ya kira aarakocra, har ya riga ya biya wani mai zane ya zana masa shi. Na ce masa ba zai yiwu ba domin tashi sama zai ɓata wasan. Ya buɗe littafi ya nuna mini cewa kamfanin ne da kansa ya fitar da wannan jinsi, ya yi ta kawo hujjoji har na rasa abin cewa, amma duk da haka raina bai kwanta ba. Yanzu mutum biyu suna bayansa, biyu suna bayana, kuma Asabar biyu ke nan ba mu zauna ba. Shin in haƙura in bar shi, ko in tsaya a kan bakana?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Abin da na fara lura da shi a wasiƙarka shi ne, da ka zo bayanin duniyarka sai alƙalaminka ya saki jiki, ka kawo fari da ƙishirwa da ayari da rijiyoyi, amma da ka zo dalilin da ka ba amininka sai ka dunƙule shi cikin kalmomi kaɗan, wai tashi sama zai ɓata wasan. Ina ganin nan gizo ke saƙar. Dalilin da ka ba shi na doka ne da lissafi, shi ma ya amsa maka da doka da lissafi, ya kuwa kayar da kai, kuma abin da ya hana ranka kwanciya shi ne ainihin dalilinka yana nan a cikinka ba ka fito da shi ba. Kai dai ba ka son ganin halitta mai baki irin na shaho tana shawagi a bisa ayarinka, domin mutanen da ka yi wata huɗu kana hangowa a zuciyarka masu faso ne a ƙafa da busasshen leɓe. Babu abin kunya a cikin wannan, ra'ayi riga ce, kowa da irin tasa. Sai dai wanda ya ɓoye ra'ayinsa a bayan doka, duk ranar da aka zo masa da littafi a hannu zai rasa inda zai fake, kamar yadda ya same ka.

Bari mu fara da dokar tun da a kanta kuka yi musu, domin tsoronka yana da tushe. Bugu na biyar na wannan wasa ya fito a 2014, a shekara ta gaba kuma, 2015, kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya saki wani ƙaramin littafi kyauta mai suna Elemental Evil Player's Companion, wanda a cikinsa aka ba 'yan wasa damar riƙe aarakocra. A wannan littafi jarumin yana tashi nisan ƙafa 50 a kowane zagaye, wato daƙiƙa shida na cikin labari, a ƙasa kuma yana tafiyar ƙafa 25, alhali ɗan Adam na tafiyar ƙafa 30, kuma sharaɗin kawai shi ne kada ya sa sulke matsakaici ko mai nauyi. Ka kwatanta wannan da matsafi, wanda ba ya samun sihirin tashi sai ya kai mataki na biyar a matakan da jarumi ke hawa yana ƙara ƙarfi, kuma ko ya samu minti goma ne iyakarsa, idan aka doke shi hankalinsa ya rabu sihirin ya warware. Ashe amininka yana neman a ba shi tun ranar farko, ba tare da iyaka ba, abin da sauran za su yi watanni suna zama kafin su ɗanɗana. Marubutan littafin ma sun san da haka, shi ya sa suka rubuta gargaɗi cewa tashi tun daga matakin farko yana da ƙarfi ƙwarai a wasu wurare, yana kuma da hatsari ƙwarai a wasu, don haka sai jagoran wasa ya duba ya amince. Idan amininka ya buɗe maka shafin da ke ba shi fukafukai, gargaɗin nan ma a wannan littafin yake.

Inda abin ya fi ciwo a bayyane yake. Kura da kyarkeci da zaki ba su da makamin jifa, dogon baka kuma yana kaiwa ƙafa 150 ba tare da wata tawaya ba, saboda haka maharbi mai fukafukai yana iya rataye a sama ya yi ta sakin kibau har kwarinsa ya ƙare, babu abin da zai taɓa shi. Katanga da kogi da rami ba su tare shi. A duniya irin taka kuma akwai abin da ya fi waɗannan duka nauyi, wato hange: wanda ya tashi sama zai ga rijiya tun daga nesa, ya ga ƙurar 'yan fashi kafin su iso, ya ga inda hanya ta ɓace, alhali rabin daɗin labarin ayari yana cikin rashin sanin abin da ke bayan tudu na gaba.

To, amma mu yi wa amininka adalci, domin jarumi ɗaya mai tashi ba ya tashi da ayari. Dokar ɗaukar kaya ta ce a ninka makin ƙarfin jarumi sau 15, abin da ya fito shi ne nauyin da zai iya ɗauka a laba, wato mai ƙarfi 10 zai ɗauki laba 150, kimanin kilo 68, kuma nasa kayan suna cikin wannan lissafi. Ƙato mai sulke da garkuwa ya fi ƙarfinsa, balle raƙumi da mangala. Iyakar abin da zai yi a bakin kwazazzabo shi ne ya ƙetara da igiya ya ɗaure a wancan gefen, sauran aikin yana nan yana jiran kowa. Kurar da ta kasa kai wa gare shi ba za ta zauna tana kallon sama ba, za ta juya kan mutum huɗun da ke ƙasa, waɗanda yanzu sun rasa mutum guda a sahu. Sa'an nan akwai faɗuwa, wadda yawancin masu son fukafukai ba sa lissafawa sai ta same su. Doka ta ce idan aka kayar da mai tashi, ko aka tsayar da motsinsa, ko ya suma, to ƙasa zai yi, kuma kowace ƙafa goma ta faɗuwa dayis ɗaya ce mai fuska shida, har zuwa ashirin. Ɗauki maharbi a matakin farko mai makin rai 12, yana sama da ƙafa 60, kibau biyu suka same shi ya suma. Faɗuwarsa dayis shida ce, matsakaicin abin da suke bayarwa 21, kuma wanda ya riga ya suma idan ya sami raunin da ya kai cikakken makin ransa a bugu ɗaya, nan take ya mutu, babu jiran magani. Abokinsa da ya suma a ƙasa kuwa yana da damar a zo a ɗaga shi. Littafin jagoran wasa na 2014 ya ƙara da cewa idan iska mai ƙarfi ta taso, mai tashi dole ya sauka a ƙarshen zagayensa ko ya faɗo, ya kuma ambaci cewa irin wannan iska a hamada tana tada guguwar rairayi. Kai da ka gina ƙasar fari, wannan shafi kamar don kai aka rubuta shi. Wanda ya hango kuma, an hango shi, domin babu abin da ya fi fitowa fili a sararin da babu gajimare kamar baƙin ɗigo yana kewayawa a kan ayari.

Da a ce matsalar lissafi ce kawai, da na ce maka ka bar shi, ka ba 'yan fashinka baka da kibiya, magana ta ƙare. Masu yin wasan da kansu sun daɗe suna kai da komo a kan wannan batu. A ɗan littafin farko na 1974, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar, an rubuta cewa babu abin da zai hana ɗan wasa ya riƙe kusan kowace irin halitta, ko da macijin nan mai fukafukai da aman wuta ne, muddin zai fara da rauni ya girma a hankali. Bayan shekara biyar, a littafin jagoran wasa na 1979, Gygax ɗin nan ya keɓe sashe guda yana jan kunnen jagorori game da barin 'yan wasa su riƙe dodanni, yana mai cewa ɗan Adam ne cibiyar wasan. Aarakocra ya fara bayyana a 1981 cikin littafin Fiend Folio a matsayin halittar da jarumai ke gamuwa da ita. Da aka buɗe shi ga 'yan wasan bugu na biyar a 2015, ƙungiyar wasannin hukuma ta kamfanin, Adventurers League, ta hana amfani da shi a teburanta a wancan lokaci, wato hannun dama ya bayar, na hagu ya karɓe. A 2022 aka sake fitar da shi a littafin Monsters of the Multiverse, aka rage saurin tashinsa ya daidaita da tafiyarsa, ƙafa 30. Kamfanin Paizo, mai wani wasa irin wannan da ake kira Pathfinder, da ya kawo nasa mutanen masu fukafukai da ake kira strix cikin bugu na biyu na wasansa a 2021, sai ya raba tashin mataki-mataki, a farko fukafukan tsalle kawai suke taimaka wa, cikakken tashi kuwa sai jarumi ya wuce mataki na goma. Na kawo wannan ne don ka ga cewa ku biyun kowa yana da magabata a ra'ayinsa, kuma babu shafin da zai yanke muku hukunci.

Yanzu ga ainihin maganar, wato yanayin labari. Akwai masu son wasa inda jarumi ɗan talaka ne, takalminsa ya tsinke, tsabar kuɗi uku a aljihunsa, kowane rauni kuma yana barin tabo. Wasan Warhammer Fantasy Roleplay da ya fito a Ingila a 1986 ya shahara da wannan, har daga cikin sana'o'in da jarumi zai iya farawa da su akwai mai kamun ɓeraye da ɗan ƙaramin karensa mai cizo. Akwai kuma masu son duniya mai launi, inda birane ke shawagi a gajimare, mujiya tana karatu a makaranta, kowa a teburin halitta ce daban. Bugu na biyar ya karkata sosai zuwa wannan ɓangare na biyu, a 2021 kaɗai an fitar da jinsi biyu masu tashi tun matakin farko, ƙananan aljanu masu fukafukai da mutanen mujiya. Amininka ya zo da abin da littattafan zamaninsa suka koya masa cewa shi ne daidai, kai kuma ka ɗauki kayan aikin da aka ƙera don duniya mai launi kana son gina duniyar ƙura da su. Ana iya yi, an kuma sha yi, amma sai an faɗa wa mutane tun da wuri.

Kana da haƙƙin iyakance abin da ke cikin duniyarka. Littafin 'yan wasa na 2014 da kansa ya ce wasu jinsunan da ke cikinsa ba a kowace duniya ake samunsu ba. Kai ne kake kwana kana zana taswira, kai ne za ka yi magana da bakin kowane mai rijiya da kowane ɗan fashi, kuma jagoran da aka tilasta wa duniyar da ba ya so, ba a daɗewa sai ka ji ya fara cewa wannan Asabar yana da uzuri. Sai dai ina da tambaya guda da wasiƙarka ba ta amsa ba, kuma shirun da ta yi ya ba ni amsar: a cikin wata huɗun nan, ka taɓa gaya musu a fili cewa ga jinsunan da za a zaɓa, ga waɗanda babu? Idan ba ka yi ba, to kana da kaso a laifin, kuma kason ba ƙarami ba ne. Masu wannan wasa suna da al'adar yin zaman share fage kafin a fara labari, inda ba a jefa dayis, sai dai a tattauna irin duniyar, da irin jaruman da suka dace da ita, da abin da kowa ba ya son gani, har littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ware wa wannan zama sashe. Kai ka gina gidanka a ɓoye don ka ba su mamaki, shi ma ya gina jaruminsa a ɓoye don ya ba ka mamaki, har da kashe kuɗin zane, kuka haɗu a bakin ƙofa kowa da kayan da ba sa shiga ɗakin ɗan'uwansa.

Kafin ka yanke shawara ina son ka gwada ra'ayin naka, ka ga ko da gaske fukafukai ne ba sa shiga ƙasar ƙishirwa. A 1991 kamfanin TSR, mai wasan a wancan lokaci, ya fitar da duniyar Dark Sun, hamada ce da ruwa da ƙarfe suka yi ƙaranci, sihiri yana ƙone tsirrai, sarakuna matsafa suna bautar da mutane, kuma tana cikin duniyoyi mafi tsanani da aka taɓa yi wa wannan wasa. Da aka sabunta ta a 1995, aarakocra yana cikin jinsunan da aka ba 'yan wasa. Ungulu ma ai fukafukai gare ta, kuma babu wanda ya gan ta tana kewaya sama ya ji nishaɗi. Abin da ke sauya yanayin labari shi ne ko tashin yana da farashi, da kuma yawan masu tashin. Idan al'umma guda ce mai dubban mutane tana tashi a duniyarka, to ganuwar birni ba ta da amfani, saƙo ba ya buƙatar ɗan aike a kan raƙumi, ayarin ma sai a tambayi dalilinsa, kuma a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Idan kuwa shi kaɗai ne, ko ɗaya daga 'yan tsirarun da suka rage a wani dutse mai nisa, wanda mata ke janye 'ya'yansu idan ya sauka a bakin rijiya, duniyarka tana nan yadda ka gina ta, har ta sami ƙarin baƙin ciki. Littafin 2015 ya ce wannan jinsi yana balaga a shekara uku, kuma da wuya ya wuce shekara 30 a duniya. Jarumi mai shekara 24 da ya san kwanansa sun kusa, yana rakiyar mutanen da ke ƙyamarsa domin kuɗin da zai kai gida, ban ga abin da ya fi shi dacewa da labarinka ba.

Batun farashi kuwa, duniyarka ta riga ta ba ka kuɗin da za a biya da shi, wato ruwa. Dokar 2014 ta ce jarumi yana buƙatar galan ɗaya na ruwa a yini, biyu idan ana zafi. Ka kafa ƙa'ida a teburinka cewa duk tashin leƙen hanya yana cin ƙarin galan guda daga salkar ayari. Daga ranar nan tashinsa ya zama shawarar kowa: madugu zai auna ko a kashe ruwan yini guda don a san abin da ke gaba, ko a yi tafiya a makance a adana shi, sauran jarumai su yi gardama, wani ya ce ɗan tsuntsun nan yana shanye rabon yara. Amininka ya zama jagaban ayari, mai shiga gaba ya dawo da labari, ƙishirwar da kake tsoron fukafukai za su kashe kuma ta sami sabuwar hanyar shiga kowane zama. Tun da na ambaci gizo a farko, ka tuna tatsuniyar da aka ba mu muna yara, lokacin yunwa da hankaki suka ara masa gashinsu ɗaya-ɗaya ya bi su zuwa itacen ɓaure a tsakiyar ruwa, ya yi ta haɗama yana cewa kowane ɓaure nasa ne, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka bar shi a can. Tashin gizo bai ɓata wannan tatsuniya ba, domin fukafukan suna da masu su, kuma akwai abin da zai sa a karɓe.

Sai dai duk wannan ba zai yi aiki ba sai ka san abin da amininka yake nema a cikin fukafukan, kuma ba za ka sani ba sai ka tambaye shi. Ka same shi shi kaɗai, ido da ido, kada ka yi wannan magana a zauren WhatsApp inda mutum huɗu ke kallo kowa yana jiran gwaninsa ya yi nasara, kada kuma ka sa a jefa ƙuri'a, domin ƙuri'a a tsakanin mutum shida tana haifar da wanda aka kayar, shi kuma zai zauna a teburin da ƙullin abin a ransa. Ka fara da amsa naka laifin, ka ce masa dalilin da ka ba shi ranar nan ba shi ne na gaskiya ba, ka gaya masa na gaskiyar, sa'an nan ka tambaye shi wane lokaci yake hangowa idan ya rufe ido ya ga jarumin nan. Mutumin da ya biya kuɗin zane kafin a fara wasa, a ganina siffar ce ta kama shi, da baƙuntar, da kasancewa dabam da kowa, kuma irin wannan yakan karɓi rage sauri zuwa ƙafa 30 na bugun 2022, ko farashin ruwa, ko ma a ce fiffikensa ɗaya ya karye kafin labari ya fara, ba zai warke ba sai mataki na biyar lokacin da matsafin ƙungiyar ma zai fara tashi. Idan kuwa ya ƙi kowane sharaɗi, ya ce sai ƙafa 50 babu ragi, to fifiko yake nema a kan sauran, kuma wannan ba kai kaɗai ya shafa ba, haƙƙin mutum huɗun nan ne ka ƙi.

Wataƙila wani a cikinku ya kawo shawarar a sauya masa da jinsin aasimar, wanda ke fitar da fukafukai na minti ɗaya daga mataki na uku. Ta fuskar lissafi wannan ya fi sauƙi, amma asalin jinsin a littafi yana da alaƙa da halittun sama, ana kuma zana shi da irin fukafukan da Turawa ke zana wa mala'iku, abin da ba kowane Musulmi zai sake da shi a teburin wasa ba. Ka tambayi mutanenka kafin ka miƙa wannan tayi.

Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya, kada ka ce masa to a baki alhali ka ƙudurta hukunta shi a cikin wasa. Na ga jagororin da suka yi haka: daga ranar da mai fukafukai ya shigo, kowane ɗan fashi ya zama gwanin harbi, kowane kogo rufinsa ya yi ƙasa, iska ba ta daina kaɗawa, har jarumin ya faɗo ya mutu a zama na uku, jagora ya ɗaga kafaɗa ya ce dayis ne. Babu ɗan wasan da ba ya gane wannan, kuma wanda kuka taso tare tun firamare zai riga kowa ganewa. Idan ka karɓe shi, ka ba shi ranakun da fukafukan za su ceci ayari kowa ya tafa masa, ka kuma ba shi ranakun da za su zame masa kaya, kamar yadda mai sulke yake da ranar da sulkensa ke cetonsa da ranar da yake nutsar da shi a kogi. Ka kuma kula da lokaci, domin ɓarnar da mai leƙen hanya ya fi yi ba a cikin labari take ba, a kan tebur take, sa'ad da shi da jagora suka shafe minti ashirin suna kewaya sama, mutum huɗu suna latsa waya. Jifa ɗaya ta dayis, jimla uku ko huɗu na abin da ya gani, a dawo ƙasa inda kowa yake.

Idan ka yi duk wannan tunani, ka hango shi a matsayin ungulun ayari mai shan ruwan mutane, har yanzu ranka ya ce a'a, to ka faɗa masa a'a da sunan ra'ayinka, ka ba shi haƙuri kan rashin sanarwa da wuri, kada ka sake jingina da littafi. Ka yi masa alkawarin da za ka iya cikawa, misali gajeren labari na zama uku a wata duniya ta duwatsu da gajimare bayan an kai wani zango a wannan, inda jaruminsa zai fito yadda aka zana shi, ko kuwa shi ya karɓi jagoranci a waɗannan zama ukun kai ka riƙe jarumi, wanda zai sa ya ɗanɗana abin da ake ji idan an shirya kwazazzabo wani ya tsallake shi cikin daƙiƙa shida. Kada ka ɗauki jarumin nasa ka mai da shi ɗaya daga mutanen da kake sarrafawa ba da izininsa ba, ko da da nufin girmamawa ne.

Ni dai da ni ne, zan karɓe shi da saurin ƙafa 30 da farashin ruwa, a kan cewa za a sake duba ƙa'idar bayan zama huɗu, kowa a teburin ya faɗi yadda ya gani. Kwazazzabon nan kuma kada ka cire shi daga taswira. Ka bar shi ya ƙetara da igiyarsa cikin zagaye ɗaya, ya juyo ya tarar da raƙuma arba'in, da tsohuwar da ta rantse ba za ta taka igiya ba, da salka uku da suka rage, ga kuma iska ta fara tasowa tun kafin azahar.